Kyamarar garken Baba: littafin aiki

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Yau wata guda ke nan da na ɗaura kyamara a kan dogon ƙarfen da ke kusurwar garkenmu, bayan gida, nan ƙauyenmu a ƙasar Gumel. Dalilin ɗaura ta kowa a unguwa ya san shi. Ƙarshen kaka aka shiga gidan maƙwabcinmu da tsakar dare aka kwance raguna biyu, kare bai yi haushi ba, ba wanda ya motsa, sai da asuba aka tarar da igiya a turke. Tun ranar barcin Baba ya zama rabi da rabi. Sau uku ko huɗu yake fita da tocila kafin kiran assalatu, ga sanyi ya kama, ga shekaru sun ja. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na kwashi ɗan abin da na tara na shiga Kano.

Kayan ba su da yawa: kyamara ɗaya mai gani da dare, 'yar kwamfuta da ba ta wuce tafin hannu ba, faifan sola biyu, batir, da tsohuwar waya mai faɗin fuska da na ajiye wa Baba kusa da buzunsa. Kyamara na tura hoto, kwamfutar kuma na ɗauke da manhajar da ake kira YOLO, wadda Joseph Redmon da abokan aikinsa suka fara fitarwa a 2015. Takan kalli hoto sau ɗaya, ta zana ɗan akwati a kan duk abin da ta gane, ta rubuta sunansa da gwargwadon tabbacinta a kai. Saniya 0.91, mutum 0.78, haka dai, iya kusancin lambar da 1, iya ƙarfin tabbacinta.

Muna da shanu 9, tumaki 14, awaki 11 da jaki guda. Da dare duk sukan matsu wuri ɗaya saboda sanyi, sai akwati ya hau akwati, rubutu ya hau rubutu, fiye da talatin a fuskar waya guda. Daren jiya Baba ya riƙe wayar, ya nisanta ta, ya kusanto da ita, sannan ya ce, "Kai, wannan ai saƙar tabarma ka kawo mini. Ina dabbobin?" Ya ajiye, ya ɗauki tocilarsa ya fita.

Daga nan aikin ya tashi, kuma shi ya sa zan riƙa rubuta abin da na yi. Abin da nake so shi ne shanu su fito a cikin zagaye guda, tumaki a nasu, awaki a nasu, duk abin da ba ya cikin waɗannan kuma ya fito fili ta yadda dattijo da ya farka daga barci zai gane shi da kallo ɗaya.

Asabar, 28 ga Disamba

Kafin a haɗa dabbobi rukuni-rukuni, dole manhajar ta san wace ce wace. A nan na fara cin karo. Jar akuyar Inna wani lokaci tunkiya take ce mata, wani lokaci kare. Jaki kullum doki ne a wurinta. Ranar Talata wani raƙumi ya bi ta burtali da buhunan gero, ta ce doki, da ya ɗaga wuya ta sake shawara ta ce raƙumin dawa.

Na bi diddigi na gano dalili. An koyar da ita ne da wata taskar hotuna da ake kira COCO, wadda aka fitar a 2014, kuma abubuwan da take ganewa iri 80 ne kacal. A ciki akwai saniya, tunkiya, doki, kare, kyanwa, tsuntsu, har giwa da jakin dawa da raƙumin dawa. Babu akuya, babu jaki, babu raƙumi. Abin da ba a taɓa nuna mata ba, sai ta ba shi sunan wanda ya fi kama da shi. Ko shanun da ke ciki, yawancin waɗanda na duba marasa tozo ne, suna tsaye a koriyar ciyawa. Namu farare ne masu tozo, a kan farar ƙasa, cikin ƙura.

Akwai wata taskar ta Google mai suna Open Images da ke da akuya da raƙumi, kuma na sauke kaɗan daga ciki da ragowar datar da nake da ita. Amma na yanke shawarar ɗaukar namu hotunan. Dabbar da za ta yi gadi a kai ita ya kamata ta sani.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Na bi Kawu kasuwar Maigatari, zai saya wa Baba ragunan kiwo huɗu saboda layya. Ni kuma hotuna suka kai ni. Duk wanda ya san Maigatari ranar Alhamis ya san ba abin da zai nema ya rasa, dabbobi na shigowa daga Nijar da ko'ina. Na sami Bunaji farare masu baƙin kunne, Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, Bokoloji masu gajeren ƙaho da saɓar wuya. A ɓangaren tumaki ga Uda mai launi biyu, gaba duhu baya fari, ga Balami, ga 'Yankasa. Kafin in ɗauka sai na gaida dillali na gaya masa abin da nake yi. Wasu suka yarda har suna juya mini dabba, wasu suka ce a'a, na wuce. Na dawo da hotuna wajen ɗari shida.

Abin da ya fi hotunan amfani a wurina shi ne tsayuwar da na yi kusa da Kawu. Wani ya koro tumaki zai wuce, Kawu ya ɗaga kai sau ɗaya ya ce, "Waɗannan za su kai arba'in, amma ka ga waccan ta baya? Ba lafiya gare ta ba." Na tsaya na ƙirga ɗaya bayan ɗaya, talatin da takwas. Na ce, "Kawu, ta yaya?" Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

A mota ina dawowa na yi ta juya maganar. Kawu bai kalli tumaki talatin da takwas ba. Abu biyu ya kalla, garken da kuma wadda ta ware. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun daɗe da nuna cewa mutum na iya gane yawan abubuwa nan take in ba su wuce kamar huɗu ba, in suka wuce sai ya koma ƙirga ko kintace. To ni na ɗora wa Baba alama talatin da biyar da ƙarfe uku na dare. Na sa wa kaina doka: alamomin da ke fuskar wayar kada su wuce huɗu ko biyar, in dai garke lafiya yake.

Asabar, 18 ga Janairu

Kwana takwas ina yi wa hotuna alama da hannu, ina zagaye kowace dabba ina rubuta sunanta. Aiki ne mai cin ido. Ƙanena ya taya ni da na awaki bayan an taso daga makaranta. Na je Gumel inda sabis ya fi ƙarfi na sake koyar da manhajar, yanzu ta san akuya, ta san jaki, raƙumi ma tana ƙoƙari.

Sai maganar haɗawa. Hanyar da na ɗauka ana kiran ta DBSCAN, wasu masana a birnin Munik na Jamus ne suka fitar da ita a 1996. Tunaninta mai sauƙi ne. Ka ɗauki dabba guda, ka duba ko akwai 'yan uwanta a cikin wata tazara da ka ƙayyade. In akwai isassu, sun zama rukuni, sai ka bi kowace a cikinsu ka duba nata maƙwabtan, har inda sarƙar ta yanke. Ba sai ka gaya mata yawan rukunin da kake tsammani ba, wannan ya sa na zaɓe ta, don yau shanu na iya kwanciya wuri guda, gobe su rabu biyu. Na sa aƙalla dabba uku kafin a ce rukuni.

Gwajin farko bai yi ba. Shanun da ke nesa, can wajen bishiyar aduwa, duk ta dunƙule su har da waɗanda ba sa kusa da juna. Na kusa da kyamara kuwa, ko suna gogar juna sai ta raba su. Laifin ma'aunina ne, ɗigon hoto nake ƙirgawa, wato 'yan ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su yi hoto, alhali ɗigo ɗari a gindin hoto bai kai taku biyu ba, a saman hoto kuma ya fi taku goma. Na kuma gane cewa tsakiyar akwati ba ita ce wurin dabba ba, inda ƙafafunta suka taɓa ƙasa shi ne wurinta.

Da yamma muka fita da ƙanena da igiya da tef. Muka kafa turaku huɗu a kusurwoyin fili mai tsawon mita 12 da faɗin mita 8, muka shafa musu farar ƙasa don su fito a hoto. Da wurare huɗu da ka san matsayinsu a ƙasa da kuma a hoto, lissafi na iya mayar da kowane ɗigo na filin zuwa mita, muddin filin a shimfiɗe yake. Namu a shimfiɗe yake, alhamdulillahi. Yanzu tazarar shanu mita biyu da rabi ce, ta tumaki da awaki mita ɗaya da rabi. Bayan isha'i na duba, zagaye uku kawai na gani, da raguna huɗu a turakunsu, da jaki shi kaɗai.

Abu ɗaya ya ja hankalina a bayanin hanyar. Duk abin da bai shiga rukuni ba, masu ita suna ɗaukar sa tamkar ƙura a cikin hatsi, yawancin masu amfani da ita ma zubar da shi suke yi. A garke kuwa wannan ƙurar ita ce tunkiyar baya da Kawu ya nuna mini. Na sa mata launin ɗorawa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Hazo ya sauka sosai kwana uku. Da dare fitilar kyamara, wadda idon mutum ba ya ganin haskenta sai ɗan ja-ja a jikin ƙwayayen, tana haska ƙurar da ke gabanta, hoto ya yi fari kamar an watsa gari. Gizo-gizo ma ya yi saƙa a bakin gilashin, duk kaɗawar iska zaren na walƙiya. Faifan sola ya yi butu-butu, batir ya mutu wajen ƙarfe huɗu, daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Na ɗora wa ƙanena goge faifai da gilashi duk bayan kwana biyu. Na kashe fitilar jikin kyamarar, na sayo wata daban na ɗaura ta taku uku a gefe, hoton ya washe.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Bayan la'asar Baffa, dattijon gidan da ke gabas da mu, ya yi sallama a zaure. Aka gaisa da Baba, aka taɓa maganar sanyi da farashin dusa, sannan ya ce, "Alhaji, wannan idon da yaronka ya rataya, har ina yake gani?"

Na ɗauko waya na nuna masa. A kusurwar sama ta dama, ta saman zana, ana hango wani yanki na tsakar gidansa, wajen turmi da murhu, inda iyalinsa ke wuni. Ni dabbobi kawai nake kallo, ban taɓa lura da wurin ba. Kunya ta kama ni ƙwarai. Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, kuskurena ne, yau ɗin nan zan gyara." Ya ce, "Ba komai ɗana, gara da na tambaya."

Gaskiyarsa ce, tun kafin in hau tsani ya kamata in bi gidajen da ke kewaye in sanar da su. Na sunkuyar da kyamarar ƙasa, ragowar kusurwar kuma na rufe ta da baƙi daga cikin kyamarar kanta, yadda ko kwamfutar ba ta samun wannan yankin, balle a ajiye shi. Sunkuyarwar ta ɓata lissafin turakun nan huɗu, sai da na sake shi. Na goge duk bidiyon da aka tara a baya a gaban Baffa. Da magariba muka je wurin mai unguwa tare, na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da take gani, ga wanda ba ta gani." Ya duba ya sa albarka, ya ce duk mai son ɗaura irinta a unguwar ya fara zuwa a duba.

Wannan ya kai ni ga hanyar tuƙa-tuƙa da ta bi ta bayan shingenmu. Mata da yara na wucewa ɗiban ruwa tun sassafe, almajirai ma na bi. A da kowa da jan akwatinsa. Yanzu duk mutanen da ke wajen shinge ana haɗa su a zagaye guda mai ruwan toka, ba suna, ba ƙara, ba a ajiye hotonsu. Ba ruwan garkenmu da mai wucewa. Maganar gane fuska kuwa ban sa ta ba, kuma ba zan sa ba.

Asabar, 8 ga Maris, 8 ga azumi

Baba ya fara duba wayar bayan sahur, wannan ci gaba ne. Na cire rubutun boko gaba ɗaya, don shi ajami ya fi karantawa, da dare ma ba ya son karatu. Kowane zagaye yanzu da ɗan hoton kan dabba a samansa da lamba. Kore na garke, ruwan ɗorawa na wadda ta ware, ja mai kauri na mutum. Da yake hoton dare fari da baƙi ne, launukan na fitowa tas.

Sabuwar damuwa ita ce lambar ba ta tsayawa. Shanu 9, shanu 8, shanu 7, shanu 9, duk cikin minti ɗaya. Saniya ta shiga bayan wata, lamba ta sauka, gaban Baba ya faɗi. Zagayen ma haka, ya rabe biyu ya haɗe, ya sake rabewa, kamar yana numfashi. Shekaranjiya sau biyu Baba ya fita saboda lambar ta nuna 8.

Matsalar ita ce manhajar ba ta da tuni. Kowane hoto sabo ne a wurinta, ba ta san saniyar da ta gani yanzu ita ce ta ɗazu ba. Na ƙara mata bin sawu, da wata hanya da ake kira SORT wadda ta fito a 2016, tana amfani da lissafin Rudolf Kalman na 1960 wajen hasashen inda abu mai motsi zai kasance nan gaba kaɗan. In saniya ta ɓace a bayan wata, ana riƙe mata gurbinta na ɗan lokaci. Na kuma hana zagaye rabewa ko haɗewa sai sabon yanayin ya yi daƙiƙa biyar. Lambar da ake nunawa ita ce wadda ta fi maimaituwa a cikin rabin mintin da ya wuce.

Na gaya wa Baba gaskiya, kyamara ɗaya ba za ta iya ƙirga abin da ke bayan wani ba. Lambar kintace ce. Abin da zai tashe shi shi ne dabba ta haye layin shinge, ko mutum ya shigo. Ya ce, "To ka rage girman lambar, tana ɗaga mini hankali a banza." Na rage.

Asabar, 22 ga Maris

Wannan shi ne mafi munin abin da ya faru tun fara aikin, kuma Allah ya sa a kan na gida ya faru.

Jiya wajen ƙarfe biyar saura na asuba, makiyayinmu ya shiga cikin shanu don ya kwance maraƙi da igiya ta naɗe wa ƙafa. Ya lulluɓe da mayafi, ya tsuguna a tsakiyarsu fiye da minti uku. Baba ya ji motsi, ya leƙa ta taga, ya ga mutum. Ya dubi waya, zagaye kore, shanu 9, shiru. Ya zo ya tashe ni da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ga mutum a cikin shanuna, abinka na cewa lafiya lau."

Na zauna na bi bidiyon hoto bayan hoto. Ta bayan rumbu ya shigo, inda shingen bai fito a hoto ba, don haka layin bai kama shi ba. Da ya tsuguna, manhajar ta gan shi, amma da tabbaci 0.34, ni kuma na sa duk abin da bai kai 0.5 ba a watsar. A wasu hotunan ma maraƙi ta ɗauke shi. Abin da ya fi ci mini rai, a tsarin saƙar tabarma na farko, da aƙalla wani baƙon akwati ya riƙa ƙyaftawa a wurin. Ni da hannuna na share duk abin da ke cikin zagaye don fuska ta yi tsabta, sai zagayen ya haɗiye mutum. Ɓarawo kuwa ba a tsaye yake shiga garke ba, a duƙe yake shiga, a lulluɓe, kuma cikin dabbobi yake ɓuya.

Gyara uku na yi. A cikin shinge ba a sa mutum a rukuni ko kaɗan, ko su nawa ne kowa da jan akwatinsa, kuma ja ne ke hawa kan kowane launi. Ma'aunin tabbaci na mutum na sauke shi zuwa 0.25, na dabbobi na bar shi yadda yake. Sannan daren jiya bayan tarawihi muka yi ta ɗaukar hoto, ni da ƙanena da makiyayin, muna tsugunawa, muna rarrafe, da bargo, da malafa, da rawani, a gefen shanu da tsakiyarsu. Wajen hoto ɗari biyu muka samu.

Na san abin da sauke ma'aunin zai jawo. Tozon bijimi da turke za su riƙa zama mutum wani lokaci, wayar ta yi ƙara a banza. Na gaya wa Baba, ya ce gara a tashe shi sau biyu a banza da a bar shi yana barci sau ɗaya.

Da muka gama, makiyayin ya zauna yana kallon bidiyon kansa. Ya ce, "Ɗan Alhaji, ai don sun san ni ne ba su motsa ba. Da baƙo ne, duk za su miƙe, su juya kai wuri guda, su buɗe masa fili a tsakiya." Na ce ya sake faɗa, na rubuta. Ashe shi garken kansa yake karantawa, yadda suka kwanta da yadda suka tashi. Zagayena yawa kawai ya sani da wuri. In zan iya sa ya lura cewa shanu tara da ke kwance sun miƙe a tare, ko rami ya buɗe a tsakiyarsu, zai yi shelar baƙo ko da bai gan shi ba. Akwatin saniyar da ke tsaye ya fi na kwance tsawo, to akwai inda zan kama. Sai bayan sallah.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi. Da rana kwamfutar na rage gudu don kada ta ƙone, hoto ya riƙa tsalle, bin sawu ya rikice. A ƙarƙashin rufin kwano take, wurin kamar tanda. Na mayar da ita ɗakin ƙasa na Kaka, na ja waya mita ashirin, na sa mata 'yar fanka. Da rana kuma na rage hotunan da take dubawa, tunda dabbobi na kiwo.

Ƙarar banza a makon nan sau biyar, uku daga ciki rigar da aka shanya a kan shinge ce. Na toshe bayan rumbu da ƙaya.

Asabar, 24 ga Mayu

Layya ta matso, ana sa ran farkon Yuni in an ga wata. Ragunan nan huɗu sun yi ƙiba, kuma yanzu ne ɓarayi suka fi sa ido. Da yake a ɗaure suke, na ba kowanne wurinsa a hoto, in rago ya bar turkensa da fiye da tsawon igiya wayar za ta yi ƙara ba tare da jiran komai ba. Baba ya koma fita sau ɗaya, wani daren ma ba ya fita. Tocilar dai tana nan kusa da wayar.

Ranar Laraba launin ɗorawa ya yi aikinsa na farko. Na sa sharaɗin in dabba ta ware daga 'yan uwanta fiye da minti ashirin, alamar ta ƙara kauri. Da asuba Inna ce ta gani, ta ce wa Baba, "Malam, waccan tun ɗazu ita kaɗai take." Tunkiya ce kwance a gindin aduwa. Makiyayin ya duba ya sami ƙaya ta shige tsakanin kofatonta, wurin ya kumbura. Ya cire, aka wanke, malamin dabbobi ya zo washegari ya yi mata allura. Yau ta koma cikin koren zagaye.

Maganar miƙewar shanu a tare na fara gwada ta. Tana kamawa, amma tana kamawa har lokacin da aka kawo harawa, da lokacin da iska ta taso da hadari daren Alhamis. Zan taƙaita ta tsakanin sha ɗaya na dare da kiran assalatu in gani. Ramin tsakiya ban taɓa shi ba tukuna.

Mutum biyu a unguwa sun nemi in haɗa musu, na ce su dakata damina ta wuce. Duk hotunan da na koyar da ita na rani ne, farar ƙasa da busasshen kara. In ruwa ya sauka ƙasa za ta yi duhu, ciyawa ta fito, ƙwari su cika gaban fitila, shanun huɗa biyu su riƙa fita tun duhu da garma, wato ga mutum ga dabba na haye layi a lokacin da na ce a yi ƙara. Baba ya kuma ce in ruwa ya zauna za a matsar da shanu kan tudu saboda laka, ke nan sabon wurin ƙarfe, sabbin turaku, sabon awo. Gobe da yamma za mu je da makiyayin ya nuna mini daidai inda za su kwana, in tsaya a wurin in duba gidan wa ke bayansa kafin in haƙa rami.